Hancin Gwamnati da Kaskon Baba Dolah

Duk faɗin lardinmu na Aceh, daga bakin teku har kan duwatsu, ba a taɓa haihuwar hanci irin na Pak Zulfahmi ba. Shi da kansa ya tabbatar mana, kuma mutum ne da ba ya ƙarya sai a bakin aiki. Shi ne shugaban ofishin yaƙi da miyagun ƙwayoyi na gundumarmu, ga tumbi, ga gashin baki, ga lambobi a ƙirji. Yakan ce in aka shuka wiwi a bayan dutse, yana kwance a ɗakinsa zai ji warinta tun ba ta tsiro ba. Shi ya sa muke kiransa Hancin Gwamnati, shi kuma yana amsawa da fara'a, a zatonsa sarauta ce.

Aikinsa kuwa ba a magana. Bara ya ƙone gona guda a gaban 'yan jarida, ƙafa ɗaya a kan tarin ganye, ido yana hangen nesa. Daga baya aka gano rogo ne. Ko a jikinsa. Ya ce rogon ma da alamar rashin gaskiya a tare da shi.

Amma abin da ya fi tinƙaho da shi natsuwarsa ce. "Ku dube ni da kyau," yakan ce wa 'yan makaranta. "Kwano uku nake tashi da shi, ina barci kamar jariri, ban taɓa ɗaga wa matata murya ba. Me ya kawo haka? Tsabtar jini, yara, tsabtar jini."

Kwano ukun nan a rumfar Baba Dolah yake cinsu, kullum bayan azahar. Baba Dolah tsoho ne mai dafa miyar akuya a ƙaton kasko, da kwakwa da ɗanyar ayaba, yadda ya gada. Kuma yadda ya gada ɗin ya haɗa da ɗan barbaɗen 'ya'yan wiwi, da ɗan abin da ya maƙale musu, a niƙe cikin kayan yaji don nama ya yi laushi. Liman ya sani. Mai aski ya sani. Hanci ɗaya ne a garin bai sani ba, shi ne wanda gwamnati ke biya.

Sai labari ya zo cewa manya za su taso daga babban birnin lardi don zaɓen gundumar da ta fi tsabta daga ƙwaya, shugaban ofishinta kuma za a ɗaga shi zuwa can. Kujerar nan ce Pak Zulfahmi yake mafarki tun yana da ƙugu. Nan da nan ya hau tebur a tsakiyar kasuwa.

"Daga yau ba gona kaɗai zan bi ba. Zan bi tukunya, zan bi turmi, zan bi ludayi. Duk wanda na shinshina na ji wani abu, ya yi sallama da iyalinsa."

Baba Dolah ya ji. Ya koma gida ya juye barbaɗensa a rafi, ya shiga dafa miya tsarkakakkiya.

A karon farko a tarihi, hancin ya kama wani abu. Pak Zulfahmi ya kai loma, ya tsaya, ya yamutsa fuska. Kwano ɗaya ma bai ƙare ba. Cikin 'yan kwanaki barci ya ƙaurace masa, ido ya faɗa, ya yi wa matarsa Cut Asiah tsawa saboda shayi, ya zagi kyanwa, ya kori direba ya dawo da shi. Da ya zauna ya yi nazari irin na ƙwararru, sai ya gano bakin zaren: tsohon nan ya fara zuba masa ƙwaya a miya.

Aka kama kaskon. Aka ɗora shi a bayan a-kori-kura, 'yan sanda biyu na riƙe da shi, ana busa jiniya, miya tana zuba a titi, kyanwoyi na biye. Aka gwada a ofis, gwaji ya ce miya tas take. Pak Zulfahmi ya gyaɗa kai, ya ce dama ya zata, sabuwar ƙwaya ce da ta fi ƙarfin na'ura. Ya sa aka kawo masa mai kaskon.

"Baba, da furfurarka? Me ka ƙara a miyar nan?"

"Yallaɓai, wallahi ban ƙara komai ba. Ragewa ma na yi, domin dai..."

"Rufe min baki. Hancina ba ya neman fassara. Manya na tafe, kai za ka ciyar da su. Ka dafa yadda kakanka yake dafawa, kada ka rage ko ƙwayar gishiri. In na ji bambanci, kai da kaskon ɗaki ɗaya za ku kwana."

"Yadda kakana yake yi sak, yallaɓai?"

"Har ka ɗara shi."

Baba Dolah mutum ne mai bin doka. Ya hau dutse wajen wani ɗan'uwansa, ya dawo da sabon barbaɗe, ya ɗara kakansa.

Ranar ta zo. Shugabar tawagar, Hajiya Darmiati, mace ce da ba a taɓa ganin haƙoranta ba. A gabanta Pak Zulfahmi ya sunkuya kan kaskon, ya lumshe ido, ya ja numfashi har lambobinsa suka yi ƙara.

"Ranki ya daɗe, wannan ita ce miyar iyaye da kakanni. Na shinshina, na wanke ta. In akwai wani abu a ciki, a yanke hancin nan."

Aka ci, aka ƙara, aka suɗe kwano. Sannan ya tashi jawabi. Ya faro daga haihuwarsa, ya bi ta yaƙin rogo, bai sauka ba sai da rana ta karkata, wato dai ya ba miyar isasshen lokaci ta zaga. Ba a taɓa karɓar jawabinsa irin na ranar ba. Wani babban jami'i ya yi kuka. Hajiya Darmiati ta ƙura wa fankar silin ido tana ƙyalƙyala dariya, haƙora talatin da wani abu a waje. Pak Zulfahmi ya ga kujerar ta riga ta zama tasa, sai ya fito da abin da ya ɓoye don burge baƙi.

"Yanzu, a gaban kyamara, kowa zai ba da fitsari a gwada. Shugaba shi ke fara misali. Ni ne farko, sai manyan baƙinmu, har zuwa mai dafa abinci."

Suka bi layi da 'yan kwalabensu suna waƙa. Aka tsoma tsinken gwaji ɗaya bayan ɗaya. Na Hancin Gwamnati ya kama, na Hajiya ya kama, na liman, na 'yan jarida, na direbobi. A duk taron mutum ɗaya ne ya fita tas, shi ne Baba Dolah, wanda likita ya hana cin naman akuya tun da hawan jini ya kama shi.

Da manya suka wartsake washegari, suka sanar cewa tsinkayen ne suka lalace saboda zafi. Amma allon yabon da suka zo da shi dole a ba wani, kuma kyamara ta riga ta nuna wanda ya cancanta. Yana nan rataye a saman kaskon, hayaƙi ya ɗan dusar da rubutun.

Shi ma Pak Zulfahmi an ɗaga shi, ba a hana shi haƙƙinsa ba. An ɗaga shi a kwalekwale zuwa wani ɗan tsibiri inda babu akuya ko ɗaya, sai kifi safe da yamma. Masunta sun ce har yau bai samu barci ba, kuma ya buɗe bincike a kan kifin.