Mati da Jitar Yayansa

To, ku matso ku ji labarin Mati na ƙauyen Dogon Marke. Mati dai gandamemen mutum ne, har furfura ta fara tsiro masa, amma abin da aka faɗa masa shi zai yi, ba ragi ba ƙari. A gidan yayansa Jatau yake zaune, matar Jatau, Delu, ita ke ciyar da su duka biyun. Shi Jatau makaɗi ne, ya shekara da shekaru yana kaɗa jita a wani otal a Kaduna. Jitar kuwa ta kwance ce, a kan ƙafafu kamar tebur, da fedojin takawa da ƙafa a ƙasa da wasu sandunan ƙarfe suna reto a ƙarƙashinta. In makaɗi ya tura sanda da gwiwa sai muryar tsirkiya ta lanƙwashe kamar mai kuka. Sai ciwo ya shanye masa ƙafar hagu, aka dawo da shi gida. Maigidan makaɗan, Ɗanladi, ya bar masa jitar aro, ya ce bayan damina zai zo ya ji. In kiɗansa ya dawo, to. In bai dawo ba, zai tafi da kayansa. Wallahi ban da jitar nan ba abin da ke tayar da Jatau daga tabarma.

Wata rana Jatau ya kira shi. "Mati, zauna nan ƙasa. Daga yau kai ne gwiwata ta hagu. In na ce tura, ka tura sandar nan."

Jatau ya ɗora guntun ƙarfen da yake goga wa jitar a kan tsirkiya, ya fara kiɗa, ya ce, "Tura." Mati ya sa kafaɗa kamar mai tura amalanke a laka. Muryar jita ta yi sama, ta ƙara sama, sai ji kake tas! Tsirkiya ta tsinke ta tsarge Jatau a kunci.

"Kai, wane irin mutum ne kai?"

"Yaya, ai ba ka ce in tsaya ba."

Jatau ya shafa jinin ya duba. Tsirkiyar da ya ɗaura a madadinta ita ce ta ƙarshe a jakarsa.

Wata rana kuma ya ce, "A hankali, da gwiwarka kawai. Kuma kada ka saki sai na ce saki." Suna cikin haka jiri ya ɗebi Jatau, Delu ta kama shi ta kai ɗaki ya kwanta. Aka yi azahar, aka yi la'asar, tuwon Mati ya huce a kwano, ba Mati. Delu ta leƙa zaure ta same shi a durƙushe ƙarƙashin jita, gumi sharkaf, gwiwa tana danne da sanda.

"Innalillahi! Mati, tun ɗazu?"

"Yaya bai ce saki ba."

Sai da Jatau ya ɗaga murya daga ɗaki ya ce saki. Mati ya yunƙura zai miƙe, ƙafa ta ƙi, ya zube. Ya jawo jiki har bakin ƙofa yana murna, ya ce, "Yaya, tawa ma ta mutu, yanzu mun zama ɗaya." Jatau ya juya fuska bango ya yi ta kuka, Mati ya rasa laifin da ya yi.

Wata rana Jatau ya ce, "Ba zan iya kiɗa ina surutu ba. Ka dinga duban fuskata, in na ɗaure fuska, ka tura." To, ina fuskar Jatau ta taɓa sakewa tun da ya kwanta? Daga farkon kiɗa har ƙarshe Mati na danne da sanda, kajin gidan har suka watse. Ko kunu aka kawo Jatau ya yamutsa fuska, sai ka ga Mati ya ruga zaure ya tura sanda ya dawo. Daga nan Jatau ya sa aka lulluɓe jitar da tsohon zane, ya rage cin abinci, ya daina magana da kowa.

Wata rana, an gama yankan gero, motar Ɗanladi ta tsaya a ƙofar gida. Jatau bai ko yarda ya gwada ba. Yana kwance ya ce, "Maigida, ɗauki kayanka. Na gode." Ɗanladi ya ji nauyi ƙwarai, ya fita waje ya ce, "Mati, kwaso min duk abin da ke sa jitar nan kuka. Kada ka bar ko ɗaya."

Mati ya kai jita, ya kai lasifika da batir, ya kai guntun ƙarfe. Sannan ya koma ɗaki ya saɓo Jatau a kafaɗa, Jatau na zaginsa, Delu na salati, ya ajiye shi a bayan mota kusa da jita.

"Mati, me ke nan?" in ji Ɗanladi.

"Ka ce kada in bar ko ɗaya. Ni ban taɓa jin ta yi kuka ba sai yana kusa."

Ɗanladi ya dubi Jatau, sannan ya ce, "Jatau, wanda na ɗauka a madadinka hannu yake da shi kawai, tsoron sandunan nan yake ji. Ƙafarka ce ta tafi. Kunnenka fa? Ba za ka zauna kusa da shi ka nuna masa ba?"

Mati ya sunkuyar da kai yana jiran faɗa, don ya san ya sake yin ɓarna. Jatau ya goge ido da bakin riga.

"Mati, jeka ka ce wa Delu ta ba ni hulata. Ta fita unguwa nake nufi."