Dokin Ƙofar da Na Rushe

Da rani na koma Haɗeja, na samu gida mai araha, ga tasha kusa, ga makarantar yara. Aibinsa ɗaya: dokin ƙofar ya kai gwiwa, babur ba ya shiga.

Na ɗauko guduma. Maƙwabcina Baba Bukar ya ce, "Malam, da ka bari damina ta wuce."

Na ce, "Baba, sai na ga bayansa yau."

Da kogi ya cika, ruwa ya tsaya a ƙofar kowa. Gidana kuwa ya shiga ba sallama, har matata ta kama tarwaɗa a ƙarƙashin gado.

Har yau in na fito, sai Baba Bukar ya ce, "Injiniya, yau me za a rushe?"