Nomau da Gidan Hayar Tabawa

A Rafin Kuka an yi wata mata Tabawa, wadda ko mai gishiri ya hango ta sai ya gyara zama, saboda tsananin cinikinta. Mijinta ya rasu ya bar mata shanu huɗu. Ta sayar, ta ɗaure kuɗin a ƙugu, ta ce gidan haya za ta saya a birni ya riƙe ta da tsufa. Ga ciwon ƙafa, ba ta da wanda za ta aika sai ƙaninta Nomau, ƙato har da gemu, amma abin da ka faɗa masa shi ke nan, ba ragi ba ƙari. Kuɗin gidaje kullum tashi yake, dangin miji kuma na zarya wai ta kawo kuɗin su juya mata. Zama ya gagare ta.

Wata rana wani dillali mai suna Jatau ya aiko an sami gida. Ta ce wa Nomau ya je ya ƙirga ƙofofi, don kowace ƙofa ɗan haya ce. Ya dawo ya ce goma sha uku. Ta ja ƙafa ta hau mota, ta tarar da ɗaki huɗu. Ashe ya haɗa da tagogi, da makewayi, da madafa, da akurkin kaji, har da murfin rijiya. Kuɗin mota suka tafi a banza.

Wata rana aka sami wani, mai kyau kusa da kasuwa. Ta gargaɗe shi kada ya nuna yana so, ya kushe duk abin da ya gani, haka ake karya farashi. Nomau ya kushe bango, ya kushe daɓe. Mai gidan ya fito, ya kushe rawaninsa, aka kawo fura ya kushe furar. Mutumin ya rantse ko da zinariya ba zai sayar wa zuri'arsu ba.

Wata rana Jatau ya zo da labarin na uku, sabon fenti sai ƙyalli, ya ce in Juma'a ta wuce wani zai ɗauka. Tabawa ta kasa tsaye ta kasa zaune, tana ta faɗin ba a sayen gida sai an ga ruwa ya sauka a kansa, ga shi ana tsakiyar rani. Nomau kuwa na gefe yana ji. Ranar Juma'a dai ta haƙura ta tafi da kuɗinta.

Ta iske taro a ƙofar gidan. Nomau na kan rufi, 'yan garuwa takwas na miƙa masa ruwa yana kwararawa. Ruwa na tsiyaya cikin kowane ɗaki, yaɓen siminti ya ɓare ya bar tsagar da hannu zai shige. Jatau sai share gumi yake.

"Yaya, ga ruwan ya sauka. A ƙara?"

Tabawa ta dubi bangon, ta dubi Jatau, ta nemi inuwa ta zauna.

"Ƙara, Nomau. Farashin bai gama sauka ba."