Baƙin Salatif a Kan Fitila

"Ba-Birki! Kai ne da kanka? Sannu da zuwa, Baba, ya ƙarfin jiki?"

Ran nan na fara jin wannan suna, daga bakin mai faci. Ni dai Kaka na sani, mahaifin babanmu, wanda ya shekara arba'in yana jan babbar mota kafin ya dawo kan 'yar a-kori-kurarsa. Satin da ya wuce ya sa mata sababbin wili huɗu. Tun ranar wata fitila rawaya ta kama a gaban sitiyari, shi kuwa ya manna mata baƙin salatif, don Babanmu ya daɗe yana neman dalilin karɓe masa makulli. Ni na ɓamɓare salatif ɗin, ni kuma na taso shi a gaba zuwa rumfar faci.

"Ba-Birki?" na ce. "Ashe mijin da aka haɗa ni da shi ke nan. Shi ya sa bakin ma ba ya tsayawa."

"Ji mummuna!" in ji Kaka. "Ba don na rufa miki asiri ba, wa zai kwashe ki?"

"Rufin asiri irin na salatif? Na gode, angona."

Mai faci ya leƙa motar ya fito. "Baba, a cikin tsofaffin wilinka, gindin bawul, akwai ɗan sansa mai gaya wa mota yawan iskar taya. Sababbin nan babu. Motar tana ta tambaya, ba mai amsa mata. Ina tsofaffin?"

Kaka ya kalli rufin rumfar. "Biyu mai walda ya yi wa kakarta murhu da su. Biyu an ɗora randa."

"Lalle!" na ce. "Wato sansa na can yana auna numfashin tukunya."

"Ke da ba ki iya dafa ruwa ba, me ya haɗa ki da tukunya? Abu kamar ƙwaro ne zai koya mini iska? Ni da na taɓa jin tayar motar da ke gabana tana sacewa, ina tsakiyar barci."

"Kana tuƙi kana barci? To, ka ga inda sunan ya samo asali."

"Yaron mota ne ke ja, sarkin sharri. Miƙo mini sifana, ki ga aikin maza."

Ya bi tayoyin ɗaya bayan ɗaya yana ƙwanƙwasawa, yana karkata kai. "Cike. Cike. Wannan ma. Duk lafiya lau, kamar kumatunki."

"A sa gejin awon iska," na ce. "In ka ci, na yarda kai saurayi ne."

Uku suka fito daidai. A ta baya, hannun hagu, allurar gejin ta tsaya wajen rabi. Mai faci ya shafa ruwan sabulu a bakin bawul, kumfa ta taso.

Bakina ya cika da tsiya, amma na haɗiye. Kaka ya durƙusa da ƙyar, ya sake buga tayar, ya kai kunnensa har yana taɓa robar. Ya buga ta gaba. Ya jima a tsugune.

"Duk murya ɗaya suke yi mini yanzu," ya ce a hankali.

Mai faci ya shiga goge hannu da tsumma, alhali hannun a goge yake.

"Da sansan na nan, da ya faɗa?" in ji Kaka.

"Tun a ƙofar gida, Baba. Sai dai a kwance tayoyin a sa sababbi, in haɗa su da motar ta san su."

"To kwance." Ya dafa kafaɗata ya miƙe, sai ya fashe da dariya har da tari. "Ƙwaro ya kayar da ni, mummuna ta yi shaida. Ungo, amarya. In an gama, ke za ki ja mu."

Ya danƙa mini makullin, da ɗuminsa.

"Sai ka zauna a baya da kaya," na ce.

"A gaba zan zauna, in ga irin ɓarnar da na koya miki."

A hanyar gida bai gyara mini tuƙi ba ko sau ɗaya. Sai da muka shiga layinmu, muka hango Babanmu tsaye a ƙofa, sannan ya taɓa hannuna.

"Na san komai na gidan nan rubutawa kike yi. In kin zo kan wannan, ki rubuta cewa ni na miƙa makullin da hannuna. Ba karɓa aka yi ba."