Rasuwar Injin Niƙa, Kaset ɗin Pak Sobana

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da kuma haushin da har yau bai sauka ba, Nenden Puspita ta unguwar Cicadas a Bandung, a madadin kanta da mahaifiyarta Bu Yoyoh, tana sanar da 'yan uwa da abokan arziki rasuwar kaset ɗin gidansu, wanda aka fi sani da Injin Niƙa. Ya rasu ranar Lahadin da ta gabata da misalin ƙarfe huɗu da kwata na yamma, a cikin rikodar Kang Dadan, a gaban shaidu tara, waɗanda babu ko ɗayansu da ya rufe baki a lokacin da rai ke fita. Ya bar duniya yana da shekara talatin da shida.

An haifi marigayin a shekarar 1988, lokacin da Pak Sobana, mahaifin Nenden, yana saurayi ma'aikacin masaƙa, ya sayi kaset marar komai ya kwafi faifan wani abokinsa a kai. Faifan na wasu Turawa ne, sun yi shi tun kafin a haifi yawancin masu jayayya a kansa. Kiɗa ne da ba a rawa da shi, ba a kuma sa shi a biki. Waƙa ɗaya takan kai minti goma sha bakwai, rabinta kamar ana jan teburin ƙarfe a kan siminti. Bu Yoyoh ce ta raɗa masa suna tana amarya, ranar da ta leƙo daga kicin ta tambayi wanda ya shigo mata da injin niƙa falo. Sunan bai sake barinsa ba.

Marigayin mai haƙuri ne. Bai taɓa roƙon kowa ya so shi ba. Ya ga ƙaura uku, ya ga ambaliyar da ta ci katifu da takardun makaranta, ya fito daga saman kabad ko ɗigo bai taɓa shi ba. Idan zarensa ya saki, biro ɗaya ya ishe shi magani.

Amma abin da ya sa sunansa ya fita daga Cicadas yana tsakiyar fuska ta biyu. Daidai inda kiɗan ke hawa, sai ya yanke, ƙaƙat. Sai a ji ruwan sama a kan rufin kwano. Sai tok, tok, tok daga nesa. Sai muryar wani namiji ta ɗauki waƙar da hanci, hmm, hmm-hmm, tana kauce hanya tana dawowa. Sai tari ɗaya. Sai wani ɗan gajeren "ah". Sai kiɗan ya dawo kamar ba abin da ya faru. Daƙiƙa arba'in cif.

Iyali na ganin lokaci ya yi da za a faɗi abin da ya kamata a faɗa tun shekara uku da suka wuce. Wannan murya ta Pak Sobana ce. Wata yamma ana ruwa ya tashi danna maɓallin kunnawa, yatsansa ya haɗa da jan maɓallin ɗaukar murya, ya koma ya zauna yana rera wa kansa yana jiran kiɗa ya taso. Tok, tok, tok ɗin mai soya taliya ne da ke wucewa da amalankensa yana ƙwanƙwasa katako don kiran masu saye. "Ah" ɗin kuwa lokacin da ya lura da ɓarnar da ya yi ne. Pak Sobana ya rasu Nenden na da shekara biyar. Hotunansa sun fi ashirin a gidan. Muryarsa kuwa a nan kaɗai take.

Rikodar gidan ta riga mai ita tafiya, kuma Nenden ta ƙi sayen ta gwanjo don tsoron kada ta cinye mata zaren. Bayan ta gama jami'a ne ta ji labarin wani zauren masu sauraron kiɗa da ke haɗuwa duk Lahadi a benen shagon kofi na Kang Dadan, mutumin da ke da wata tsohuwar rikoda da yake goge mata kai da auduga kamar cibiyar jariri. Ta hau benen da niyya ɗaya, ta ji mahaifinta sau ɗaya ta koma gida.

Da aka zo daƙiƙa arba'in ɗin, Kang Dadan ya cire tabarau ya share ido.

"Neng," in ji shi, kamar yadda ake kiran 'yan mata a can, "kin kuwa san abin da kike yawo da shi a jaka?"

Ta buɗe baki.

"Kada ki ce komai," in ji shi. "Bari ya zauna a jikinmu tukuna."

Daga nan ya yi magana ta minti hamsin. Ya ce ya ji kundin waƙoƙin nan a faifai, ya ji shi a kowane irin bugu da aka yi, babu inda wannan wuri yake, don haka wannan kwafin ɓataccen bugun farko ne da kamfani ya ji tsoron fitarwa. Ya ce yanke kiɗa a bar mutum da ruwan sama shi ne abu mafi ƙarfin hali da aka taɓa yi a tarihin sauti.

Kang Rully, malamin zane da ke zama kusa da taga, ya yarda ɓataccen bugu ne, amma ya ce gara da ya ɓace.

"Wannan ba fasaha ba ce, raini ne. Ji muryar mana, kamar akuya mai mura."

"Kai da kunnenka ya tashi da kiɗan tallan sabulu, me za ka ji?" in ji Kang Dadan.

"Na ji tari. Tari tari ne, ko a wace ƙasa aka yi shi."

"Tarin nan ya fi duk zanen da ka yi tun da aka haife ka."

Nenden ba ta ɓoye rabonta na laifi ba. Maganar Kang Dadan ta yi mata daɗi, domin ban da ita babu wanda ya taɓa zubar da hawaye saboda muryar nan. Maganar akuya kuma ta haɗiye ta da kofi. Ta ce mako mai zuwa za ta faɗa. Mako mai zuwa zauren ya rabu gida biyu, kowa na da hujja. Bayan wata shida Kang Dadan ya buga maƙala mai shafi goma sha ɗaya, ya gode mata da suna a ƙarshe. Daga nan gaskiyar ta yi nauyin da bakinta ba zai iya ɗagawa ba. Wanda ya haɗiye taɓarya dai a tsaye zai kwana, ita kuwa shekara uku ta yi a tsaye, a kujerar kusa da ƙofa, jaka a kan cinya.

Masu ta'aziyya da yawa sun tambayi dalilin da ya sa ba a ɗauki muryar a waya ba. Iyali na roƙon a miƙa wannan tambaya ga kwandon da ke bakin matakala, inda dokar zaure ta ce kowa ya ajiye wayarsa. Sau ɗaya Nenden ta tattara ƙarfin hali.

"Kang, ko zan iya ɗauka a waya, ko sau ɗaya ne?"

"Neng, ana ɗaure iska a leda? Waya gawar sauti take ajiyewa."

Kang Rully, wanda ko a kan yawan sukarin kofi ba ya yarda da shi, ya gyaɗa kai ranar. Ta mayar da wayar kwando, ta ba da haƙuri.

Jinyar marigayin ta fara ne a watannin baya. Muryar ta soma rawa kaɗan a daidai wurin tarin. Nenden ce kaɗai ta lura, domin ita ce kaɗai ke sauraro ba tana shirya amsa ba. Ta yi niyyar barin sa a gida ya huta. Amma Kang Dadan ya aiko da saƙo cewa ranar Lahadi za a kashe wata magana har abada, kuma ba za a iya ba sai da shi.

Maganar ita ce adadin tok, tok, tok. Kang Dadan ya ce bakwai-bakwai suke zuwa, da gangan, don su saɓa wa kiɗan da ya gabata. Kang Rully ya ce takwas ne, na takwas ɗin ruwa ne ya danne shi, kuma duk mai kunne biyu ya sani. Aka sa. Aka tariyo. Aka sa. Aka tariyo. Nenden na ƙirgawa da yatsu a ƙarƙashin jaka. A karo na goma sha biyu ta ce, "Kang."

"Minti ɗaya, Neng."

A karo na ashirin muryar ta fara ja kamar mai jin barci. Ta sake cewa, "Kang, zaren."

"Yanzun nan, Neng. Rully, buɗe kunnen akuyarka ka ƙirga."

"Ni na ƙirga tun kana neman tabarau."

A karo na talatin da ɗaya, Pak Sobana ya fara hmm, hmm, muryar ta yi ƙasa, ta yi kauri, ta zama wani gurnani, sai aka ji cakwal-cakwal a cikin rikoda kamar ana tauna leda. Kang Rully ya riga kowa kai hannu. Ya buɗe, ya ja. Zaren ya biyo shi a cukurkuɗe, ya miƙe, ya sirance, ya tsinke.

Iyali na so a rubuta kalaman farko da aka yi a kan gawar, don tarihi.

"Wannan jan muryar na ƙarshe," in ji Kang Dadan a hankali, "shi ne ainihin abin da suke nufi tun farko."

"Ka kashe shi da yabo, ka huta," in ji Kang Rully, zare na reto a hannunsa.

Nenden ta tattara abin da ya rage a hankici, ta ɗauki wayarta a kwando, ta sauka. An ce har ta kai titi ana jin bakwai da takwas ta taga.

Washegari Mang Engkos, mai gyaran rikoda a kasuwar tsofaffin kaya, ya duba marigayin a ƙarƙashin fitila ya tabbatar da rasuwar. Ya ce wurin da ya miƙe ya miƙe ke nan, babu abin da zai sake fitowa daga cikinsa.

"Amma kada ki damu, Neng. In yanke, in haɗa, waƙar za ta tashi garau. Wannan 'yar hayaniyar ce kawai za ta tafi."

Ta ce ya yanke. Ya haɗa sauran, ya miƙo mata abin da ya cire a cikin ambulan. A gida Bu Yoyoh ta shimfiɗa shi a kan teburin ɗinki, ta lallaɓa shi da yatsa, ta ɗauko tef ɗin awo. Mita ɗaya da santimita casa'in.

"Ya fi babanki tsawo," in ji ta. "Da ya ji da ya yi murna."

Sai ta naɗe tef ɗin ta shiga kicin, ta daɗe ba ta fito ba. Shekara ashirin rabonta da jin muryar. Sau da yawa Nenden ta ce za ta kai ta benen, ita kuma ta ce gwiwarta ba za ta hau matakala don zama da maza masu faɗa a kan injin niƙa ba, a bari wata rana.

Marigayin ya rasu ya bar akwatinsa mai tsagaggen murfi, da rubutun hannun Pak Sobana da ya koɗe a jiki. Ya bar fuska ta farko, wadda ita ma ta yi asarar daƙiƙa arba'in ba tare da ta san hawa ko sauka ba. Ya bar biron da ya yi masa hidima, da maƙala mai shafi goma sha ɗaya wadda yanzu ta zama marainiya. Rikodar da ya rasu a cikinta tana nan lafiya, an ce har an goge mata kai a yammacin ranar. Iyali sun karɓi sabon faifan da zauren ya aiko a matsayin ta'aziyya, mai tsabta, marar tari, kuma sun mayar da shi da godiya. Kaset ɗin da Mang Engkos ya haɗa ma an aika wa zauren kyauta, tunda kundin ne suke ƙauna, kuma yanzu babu abin da ya raba shi da na kowa.

Za a yi wa marigayin sutura ranar Asabar bayan la'asar. Za a naɗe shi a jikin bironsa, a sa shi a gidan tabarau na Pak Sobana, a kwantar da shi a aljihun kabad na sama. Iyali ne kaɗai za su halarta.

Zaman makoki kuwa ranar Lahadi ne da ƙarfe uku, a gidan Bu Yoyoh, a ƙasa, babu matakala. Akwai shayi da soyayyar ayaba. Ana gayyatar zauren gaba ɗaya, amma ana buƙatar Kang Dadan da Kang Rully musamman, kuma Nenden na so su san ba don ta huce ba ne. Ta zauna ta gwada rera daƙiƙa arba'in ɗin ita kaɗai, ta tarar tsakiyar ta ɓace mata, domin duk lokacin da aka zo wurin idonta ke cika. A duk duniya mutum biyu ne suka haddace kowane hawa da saukar muryar nan, da inda ta kauce, da inda tarin ya faɗo, saboda shekara uku suna neman abin da za su jefi juna da shi. Za su zauna a tabarma ɗaya a gaban Bu Yoyoh. Ɗaya zai yi muryar, ɗaya zai buga cokali a kan kwano, bakwai ko takwas, su daidaita a hanya kafin su iso. Za su yi ta yi har sai ta ce haka yake.

Za a ɗauka a waya. Duk mai ra'ayi a kan haka ya bar shi a bakin ƙofa tare da takalmansa.