Gidan Da Baƙi Suka Kushe

"Lafiya lau, Tabarau. Ya gajiyar zaman banza?"

"Zaman banza ai a wurinka muka gada, Tsoho. Tun safe nake kasa kunne, ban ji keken nan ya yi ko tari ba."

"Hutawa yake. Shi ma ma'aikaci ne. Shigo mana, amaryata, ko ƙofar ce ta yi miki kaɗan?"

Ta shiga shagon da kwamfuta rungume a ƙirji. Ɗan ɗaki ne a gaban gidansu, ƙofarsa na kallon titi, kuma a nan kakanta, wanda duk unguwa ke kira Baba Tela, ya tsufa a kan keken ɗinki. Yanzu ido ya yi rauni, ɗinkin ya ragu, hirar ce ta ƙaru. Shi ya laƙaba mata Tabarau tun ranar da aka saya mata na farko, sunan kuma ya bi ta har jami'a. A waje yarinya ce da za ta tsallaka titi don kada ta gaida taron mutane. A gaban kakanta kawai bakinta ke buɗewa.

Ta ture gwangwanin maɓallai gefe, ta ɗauke almakashi da alli, ta ajiye kwamfutar a kan teburin yanka. Aikin da ya kawo ta ba na wasa ba ne. Tun da aka yi wa kakarta, Iya, aiki a asibiti, likita ya ce hutu take buƙata. A gida kuwa hutu ba ya samuwa, don ko almuru baƙo ya yi sallama sai Iya ta miƙe ta yi masa hidima. Shi ya sa Kawu, babban ɗansu, ya ce zai kai su wani tsibiri, a kama musu gida nasu su kaɗai a bakin teku, tekun da Iya ta daɗe tana cewa tana so ta gani kafin ta bar duniya. Iya ta amince da sharaɗi guda: ƙafarta ƙafar mijinta. Shi kuma mijin kullum sai ya samo dalili. Yau Kawu ya ce in ba a zaɓi gidan ba, hutunsa zai wuce, tafiyar ta rushe.

"Na kawo maka gidaje ka zaɓa," in ji ta.

"Gidaje? Ashe kin yi arziki kika bar mijinki cikin ƙyallaye."

"Mijin da har yau ko ɗankwali bai ɗinka mini ba? Duba nan. Wannan a kan ruwa aka gina shi, a bisa ƙafafun katako."

Ya gyara zama, ya kanne ido ɗaya kamar mai zura allura.

"Wato ambaliya ce aka yi wa fenti."

"Ƙasan ɗakin gilashi ne. Kana zaune kana kallon kifi suna wucewa."

"Su ma suna kallona ke nan."

"Me kifi zai kalla a jikinka?"

"Abin da bai kamata ba! Duk rayuwata ina rufa wa mutane asiri da zare da allura, sai da na tsufa zan je in tona nawa a gaban tarwaɗa?"

"Babu tarwaɗa a teku, Tsoho."

"To danginta. Ai labari zai kai mata. Wuce."

Kafin ta wuce, mai gyaran babur na tsallaken titi ya leƙo da hannunsa baƙi ƙirin. Aka gaisa, aka tambayi jikin Iya, aka tambayi haƙorin yaron mai gyara, aka yi tsokaci a kan sabon mai shagon kusurwa da ba ya amsa sallama. Tabarau ta sunkuyar da kai bayan kwamfutar har sai da mutumin ya tafi, sannan ta saki numfashi.

"Fito, ya tafi," in ji kakan. "Ke kam ko kunkuru ya fi ki son jama'a."

"Kai kuma ko rediyo yana da wurin kashewa. Ga na biyu. A kan tudu yake, cikin bishiyoyin kwakwa. Yana da tafkin wanka nasa."

"Wancan shuɗin da ke bayansa fa?"

"Teku ne."

"Ga teku, ga kuma kududdufi a gabansa. Wanda ya gina wannan shi zai kai wa mai rijiya gudummawar ruwa. Wannan ɗakin kuma ina rufinsa?"

"Banɗaki ne. Ba a yi masa rufi ba."

"Kuɗi ne ya ƙare musu?"

"Da gangan ne, don ka riƙa ganin sararin sama kana wanka."

"Ikon Allah. Lokacin da namu ba rufi, talauci aka ce. Da na sani da ban wahala ba, da yanzu mu ma manyan mutane ne. Matso mini da labulen can."

Ta ƙara girman hoton.

"Kin gani? Dubi kalmasar nan, ta karkace kamar tafiyar mashayi. Ɗinkin ɗan koyo. Mutanen da ba su iya kalmashe labule ba, su zan ba amanar matata?"

"Tsoho, faɗi gaskiya a huta. Tsoron ruwa kake."

"Ni? Yarinya, rashin sani ya fi dare duhu. Da ƙuruciya na haye kogi da keken nan a ka, hannu ɗaya ina iyo, ɗayan ina zura allura."

"Iya ta ce ko bokiti aka cika maka sai ka rage kafin ka matso."

"Tattali ne. Ita ma Iyar taki ai a ruwa na tsamo ta."

"Ta ce a bakin famfo ka gan ta, ka kasa magana, ka tambaye ta ko ruwan na sayarwa ne."

"To famfo ba ruwa ba ne?"

Dariya ta kusa ƙwace mata, ta danne. Ta cikin ƙofar da ta haɗa shagon da tsakar gida tana jiyo motsin Iya, takalmi na jan ƙasa a hankali, sannan ƙarar kofuna. Wani ya zo dubiya ke nan, kuma mai jinyar ce ta tashi haɗa masa shayi. Tabarau ta buɗe na uku, wanda ta ajiye a ƙarshe don shi ne ya kwanta mata a rai. Jiya ta daɗe tana kallonsa ita kaɗai.

"Wannan kam ba ka da ta cewa. Gefe guda na tsibirin duk naka ne. Babu maƙwabci, babu mai wucewa. Ma'aikata ba sa zuwa sai ka danna ƙararrawa. Ko abinci, in ka so, a bakin ƙofa za a ajiye a juya, ba sai kun haɗa ido ba. Sun rubuta cewa za ka iya gama hutunka ba ka ga fuskar kowa ba."

Ba ta san muryarta ta yi laushi ba sai da ta ga yadda yake kallonta.

"A ajiye abinci a bakin ƙofa a gudu? Wace cuta muke da ita?"

"Ba cuta ba ce, jin daɗi ne. Shi ya fi kowanne daraja."

"A da, in aka yi wa mutum haka, sai dattawa sun shiga tsakani an ba shi haƙuri. Yanzu kuma shi ke godiya. Ke wannan ai gidanki ne, Tabarau. Ki shiga ki kulle, ke da littafi, sai ƙura ta rufe ku."

"Da zan samu, wallahi ko waiwaye ba zan yi ba."

"Na sani. Abincin wani, gubar wani."

Ya ɗauki wani guntun zare daga gwiwarsa, ya naɗa a yatsa, ya warware. Da ya sake magana, ba ita yake kallo ba, ƙofar tsakar gida yake kallo.

"Tsohuwar nan yanzu barci take yi da yawa, maganin ne. Kawunki kuwa kin san shi, waya a kunne kamar an ɗinka masa ita. In ta yi barci a gidan nan naki, ni da wa? Lokacin da take asibiti na ɗanɗana irin wannan shirun. Kyauta aka ba ni, kuma ban ji daɗinsa ba. Ba zan hau jirgi in je neman ƙari ba."

Sai a lokacin ta gane. Tun ɗazu abin da ita take so take ta tallata masa. Ta gyara zaman tabaranta, ta gangara can ƙasan shafin, inda gidajen da ta watsar tun farko suke. Akwai wani da ta tuna, don ƙorafin da baƙi suka rubuta a kansa ya ba ta tsoro a ranar. Ta buɗe shi, ta ɗan juya kwamfutar gefe kamar mai ɓoyewa.

"Mene ne wannan?"

"Ba naka ba ne. Baƙi sun kushe shi."

"Da me?"

"Bari kawai. Wai kusa yake da inda kwale-kwale ke tsayawa. Wani ya rubuta cewa tun da safe masunta da ma'aikata ke wucewa ta gaban baranda, kuma kowa sai ya ɗaga maka hannu."

"Kowa?"

"Kowa. Ya ce hannunsa har ciwo ya yi."

"Raggo. Sai me?"

"Wata ta ce direbobin kwale-kwale suna zama a ƙarƙashin bishiyar da ke gefen gidan, suna gardama a kan abin da bai shafe su ba."

"Gardamar me?"

"Ba ta ji yarensu ba."

"Gardama ai ba ta buƙatar yare. Ci gaba."

"Wannan ya fi muni. Wai akwai wani tsoho mai gyaran ragar kamun kifi, kullum yana zaune a wurin. In ya kama ka da hira, sai dai rana ta raba ku. Wanda ya rubuta ya ce ya yi masa alama da hannu cewa ba ya fahimta, tsohon ya ƙara ɗaga murya."

Baba Tela ya matso da kujera har gwiwarsa ta bugi tebur.

"Da wane irin zare yake gyaran?"

"Ba su faɗa ba."

"Ka ji sakarkaru! Mutum ya zauna kusa da mai sana'a bai tambayi zare ba. Na rantse ƙullinsa ba daidai ba ne. Masunta ba su iya ƙarshen ɗinki ba, sai an nuna musu."

"Shi ya sa na ce ba naka ba ne. Mutum mai daraja irinka, a kai shi cikin hayaniya?"

"Ita tsohuwar fa? Hayaniyar ba za ta hana ta barci ba?"

Wannan tambayar ba ta wasa ba ce, don haka ta nuna masa hotunan ɗaya bayan ɗaya. Ɗakin kwana a baya yake, nesa da hanya, tagarsa ta buɗe kai tsaye a kan ruwa. Barandar ce kawai ke gaba.

"Iya tana baya da tekunta, kai kana gaba da mutanenka. Kuma waɗannan ba baƙinta ba ne, ba wanda za ta tashi ta dafa wa shayi."

Ya daɗe yana kallon tagar. Sannan ya ce, "Labulen fa?"

"Ya karkace."

"Sai in tafi da allura."

"Kawu ya ce a zaɓi wanda ya fi kowanne."

"Ki ce masa kin zaɓi wanda ya fi kowanne mutane."

Nan take ta tura wa Kawu saƙon, don kada tsohon ya sake shawara. Da saƙon ya tafi, ta ɗago tana murmushin nasara.

"Ka faɗi, Tsoho. Yau na kayar da kai."

Ya fashe da dariya har da buga tebur, maɓallai suka yi tsalle a gwangwani.

"Kin kayar, amaryata, ban musa ba. Kuma ni ba na cin bashin alheri. Miƙo hannu."

Ya laluba aljihu, ya ɗora mata wani abu mai sanyi a tafi. Mabuɗin shagon ne, ɗaure da jan ƙyalle.

"Na ba ki shagon har in dawo."

"Ni ban iya ɗinki ba."

"Wa ya ce ɗinki? Ni ɗin ɗinki nake yi? Ki buɗe da safe, ki zauna a nan, duk wanda ya wuce ki amsa masa. Ki tambayi mai gyara haƙorin yaronsa. Mai wanki yana zuwa da hantsi, shi sai an saurari ciwon bayansa tun daga farko. Ƙofar nan ba a taɓa samunta a rufe ba, kada a fara a kanki."

"Tsoho, don Allah! Wannan ai ba tukwici ba ne, hukunci ne."

"Dole ƙanwar na ƙi. Ni in tafi tsibiri, ke ki zauna da jama'a. Allah bai bar kowa da abin da yake so ba."

Daga bakin titi wata murya ta yi sallama, mai ƙarfi, irin ta wanda ya zo da dogon labari. Baba Tela ya miƙe, ya kakkaɓe kujerarsa, ya tura mata ita da ƙafa, ya nufi ƙofar tsakar gida yana ƙwala wa Iya kira ta fito da akwati.

"Amsa mana, mai shago," ya ce ba tare da ya waiwayo ba. "Ki fara koyo tun ina kusa."