Darakta Na Son Gadon Mijinki

"Ya ƙarin haƙuri kuma, uwar ɗakina?"

"Da godiya. Cire takalmi, bawa, yanzu na share ɗakin."

Wata biyu ke nan da rasuwar mijinta. Ita tela ce, kekenta na bakin taga. Shi kuwa ɗan gwaggonta ne, taubashinta, tun suna yara take kiransa Dillali. Aikinsa nemo wa masu shirin talabijin kayan da za a gani a cikin shiri, kujera, labule, kofi, har makara in ta kama. Gadon asibiti ya cinye rabin ɗakin, na ƙarfe mai mariƙin murɗawa, inda marigayin ya yi jinyar wata takwas. Tabarmar da take kwana a kai tana naɗe a ƙarƙashinsa.

Dillali ya zauna ya ce, "Kin rame. Da ni kika aura da yanzu kina nan ɓulɓul."

"Da kai na aura da ni aka binne, yunwa ce ajalina. Mene ne ke leƙowa daga aljihunka?"

"Sifana."

"Da sifana ake gaisuwa yanzu? Ungulu ba ta jewar banza. Faɗi."

"Kin san shirin nan namu, wanda kowane mako da sabon labari, muna yi wa shahararru da makwaɗaita tsiya?"

"Wanda ake rubuta sunanka a ƙarshe, bayan kowa ya tashi?"

"Shi. Na wannan karon wani mawaƙi ne da aka daina yayinsa. Sai ya kwanta ciwo, manajansa ya kafa masa kyamara a kan gado. Yana ramewa masu kallo na ƙaruwa. Da manajan ya ga haka, sai ya fara zubar da maganin a bayan gida."

"Nan ne wurin dariyar?"

"Da saura. Ranar da ya cika, sai da aka gama tallar sabulu kafin a rufe masa ido."

Ta tsinke zare da haƙori. "Allah ya shirye ku. To ni ce mawaƙin ko sabulun?"

"Gado muke nema. Na kai wa darakta sababbi uku, ya ce duk ƙyalli suke, ba su san mutuwa ba. Ya ce in ban kawo na gaske gobe ba, in nemi wani aikin."

"Sai ka tuna kana da 'yar kawu."

"Na nuna masa hoton wannan, ya tashi tsaye."

Keken ya tsaya.

"Wane hoto?"

Dillali ya sosa ƙeya. "Na waya."

"Tun da aka yi rasuwa ba ka shigo ɗakin nan ba, a tsakar gida kake tsayawa. Yaushe ka ɗauka?"

"Lokacin dubiya. Kina wajen dafa ruwa, shi kuma yana barci."

"Yana ciki ke nan."

"Na yanke shi daga hoton."

"Ka kyauta. Ni ina murna ɗan'uwana na zuwa duk mako da ayaba, ashe awon gado kake. Kai da manajan nan uwarku ɗaya, kuma ka gafarta mini, gwaggona ce."

"Sabo ne, wallahi. Idon mai sana'a. Ranar ɗaurin aurena ma labulen gidan surukaina nake kallo."

"Shi ya sa matarka ta fi labulen saurin koɗewa. Ku da kuke zagin makwaɗaita, in kura na maganin zawo ta yi wa kanta mana."

"Ba a mugun sarki sai mugun bafade, na yarda. Amma ke ma faɗi gaskiya, tun yaushe rabonki da miƙe ƙafa a ɗakin nan?"

Ta dubi gadon. "Na yi wa maƙwabta tayi kyauta, kowa ya ce Allah ya kiyaye. In na juya cikin barci sai in ji kamar ya ce in ɗaga masa kai. Murɗi uku. A uku yake samun numfashi." Ta ja hanci. "Wa zai kwanta a kai?"

"Jarumin shirin."

"Mai tumbin nan da ke tallar man girki? Shi zai yi ramar?"

"Za a shafa masa hoda."

"Kwance abinka, kafin in dawo hayyacina. Kuma kada ka dawo da shi."

Ya durƙusa ya fara kwance notuna. Ya jingine katifa da bango, ya cire ƙarfen kai da na ƙafa. Da ya zo kan ƙarfen gefen dama, sai ya tarar hannunta na kai. Fentin wurin ya goge har ƙarfe ya fito fari, daidai faɗin tafin hannu.

"Nan yake riƙewa in ciwon ya taso," ta ce. "Don kada ya yi ƙara in farka."

"Shi ne wurin da darakta ya zagaye da jan biro, bayan an buga hoton a takarda. A kansa za a buɗe shirin."

"To."

Ba ta ɗauke hannun ba, ba ta kuma ce kada ya ɗauka ba. Dillali ya daɗe yana juya sifana a hannu. Daga nan ya kwance ƙarfen a hankali, ya miƙa mata.

"Riƙe. Wannan ya yi mini nauyi."

"In daraktan ya kore ka fa?"

"Akwai ƙarafa a sito. In na samu sanfefa da rabin sa'a, zan goge fentin ɗaya, in yi masa wata takwas ɗin da bai taɓa gani ba."

Ta rungume ƙarfen, dariya ta kuɓuce mata, irin mai zuwa da ruwan ido.

"Ashe kun iya ƙaryarku, me ya kai ku raɓar gaskiyar mutane? Kwashe sauran, bawa. Ka bi a hankali da ƙofa, haya nake."